Tsohuwar bindigar gado: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Tambayoyin nan ake ta maimaitawa kan bindigar farauta mai baki biyu da aka gada. Ga amsa, a karanta kafin a sake tambaya.

Sai da lasisi ko da ta gado ce?

Ƙwarai. Dokar makamai ta 1959 ta ce lasisin irin wannan bindiga daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, kuma na mahaifinka ba naka ba ne. Fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a nan Kaduna. Shi ma mai gyaran sai da izini.

In goge tsatsar da samfefa?

A'a! Soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗan mai, a hankali. Samfefa tana cinye tambarin da ke ƙarƙashin bututu, alhali shi ne takardar haihuwar bindigar. BNP na Birmingham ne a Ingila, ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai kuwa na Liège ne a Beljiyam.

In kai ta Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, a yi mata walda?

Haba, malam. Bututun biyu da dalma aka haɗa su. Wuta na taɓa su za su rabu.

Za ta ɗauki harsashin zamani?

Nan ne ake rasa yatsu, don haka a natsu. Ya danganta da abu uku. Duba jikin bututun: in ka ga zane kamar igiya a murɗe, ƙarfen da ake kira Damaskas ne, an yi shi don baƙin albarushin da, kuma tsatsa kan ɓuya a tsakanin murɗin inda ido ba ya kaiwa. Sai mazaunin harsashi. Yawancin tsoffin na Ingila milimita 65 ne, harsashin kasuwa kuwa 70. Zai shige lafiya lau, abin da ke ruɗin mutane ke nan, domin tsawon kwanso bayan ya buɗe ake aunawa. Idan ya tashi, bakinsa ba shi da wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Na uku, cire katakon gaba, riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji ƙas-ƙas, mahaɗar ta saki. Kana iya rataye bututun da zare ka ƙwanƙwasa: lafiyayye kan yi ƙara kamar ƙararrawa, wanda dalmarsa ta saki kuwa sai ka ji dum. Amma ko ta haye duk wannan, ban ce ka harba ba. Kaurin bangon bututu sai da ma'auni a hannun ƙwararre. In ya ce ta ado ce, ka rataye ta, darajarta ba ta ragu ba.

Ina zan sami kayan gyara?

Na bindiga ƙirar Baikal ta Rasha sun fi samuwa. Na tsoffin Birmingham kuwa da hannu aka daidaita kowane ƙarfe, shi ya sa sifirin ko allurar wata ba ta zama a wata sai an goga. Kada ka jefar da abin da ya karye, shi mai gyara zai auna. Odar kaya daga waje ba izini kuma neman rigima ne da kwastan.

Ƙotar ta tsage fa?

Kada hankalinka ya tashi, hunturun Kaduna ne da man da aka yi shekaru ana ɗura mata. A tsotse man tukuna, in ba haka ba gam ba ya kamawa. A daina buga mata ƙusa, don Allah. In za a ajiye, a kifa bakinta ƙasa don kada mai ya sake gangarowa cikin katakon.