Daga Kiyoto zuwa Apapa: yadda sauyin yanayi ya shiga lissafin kamfanonin jiragen ruwa

Tun watan Janairun 2024, ɗan kasuwar da ya tura kwantenar citta ko fata daga Legas zuwa Turai, da wanda aka ɗauko masa mota daga tashar Antwaf ta Beljiyam aka sauke a tashar Tin Kan ta Legas, suna biyan wani ƙarin kuɗi da babu shi a takardar dako a da. Kuɗin hayaƙin jirgi ne. Yawancin Alhazanmu na Agege da Idi-Araba ba su ma lura da shi ba, domin ejan mai fito ne ke haɗa komai ya faɗi jimla, kuma a tsakiyar kuɗin kwastan da na tasha da na jinkiri, wannan ɗin ƙarami ne. Amma labarinsa ya fi shekara 25, kuma alamu sun nuna ƙaruwa zai yi.

Jiragen ruwa ne ke ɗauke da fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya idan aka auna da nauyi. Abin da suka daɗe suna ƙonawa shi ne baƙin mai, gurɓin da ke saura a ƙasa bayan matata ta cire fetur da kananzir da dizal, mai kauri har sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. Binciken da Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2018 jiragen sun fitar da tan miliyan 1,076 na iskar da ke ɗumama duniya, kusan kashi 3 cikin 100 na abin da ɗan Adam ya fitar a shekarar.

Da aka ƙulla yarjejeniyar Kiyoto ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya a 1997, an rasa wanda za a rubuta wa wannan hayaƙi. Jirgi na iya zama na Bagirke, yana ɗauke da tutar Laberiya ko Fanama, kamfanin Faransa ya yi hayarsa, ya sha mai a Singafo, ya kawo kayan Sin zuwa Apapa. Ƙasar wa za a tuhuma? Sai aka miƙa batun ga IMO da ke Landan, wadda Najeriya ta shiga tun 1962. Can kuwa komai da lallashi ake yi, ga ƙasashen da ke cin abinci da rajistar jiragen wasu suna da babbar murya. Sai 2011 aka amince da ƙa'idar farko ta tsimin mai ga sababbin jirage, ta fara aiki a 2013. Yarjejeniyar Faris ta 2015 ma ba ta ambaci jiragen ruwa ba.

Matsin da ya fi tasiri daga wajen masu kuɗi ya fito. A ƙarshen 2015 majalisar da ke sa ido kan lafiyar tsarin kuɗi na manyan ƙasashe, a ƙarƙashin Mark Carney, gwamnan babban bankin Ingila na lokacin, ta kafa kwamitin da ake kira TCFD, aka ɗora Michael Bloomberg a kansa. Damuwarsu ba ta kifi ko bakin teku ba ce. Tsoronsu shi ne bankuna da kamfanonin inshora sun zuba dukiya a kadarorin da darajarsu za ta iya zubewa saboda sauyin yanayi ba tare da kowa ya lissafa ba. A watan Yunin 2017 kwamitin ya ce kowane kamfani ya riƙa faɗa wa masu hannun jarinsa wane ne a shugabanninsa ke da alhakin wannan batu, yadda sauyin yanayi zai taɓa kasuwancinsa nan kusa da nan gaba, yadda yake gano haɗarin yake tarbarsa, da alƙaluman da yake auna kansa da su. Ya kuma raba haɗarin gida biyu: ɓarnar da yanayin kansa zai yi, irin su guguwa da fari da cikar teku, da kuma asarar da za ta biyo bayan sababbin dokoki da haraji da sauya mai.

Ga mai jirgi, na biyun ne ya fi hana barci. Jirgin da aka ƙera yau zai yi aiki shekara 25 ko fiye, wato wanda aka ba da odarsa a 2025 zai kai 2050 yana kan ruwa. Duk mai tirela ya san wannan lissafi: ka ci bashi ka sayi mota, in aka hana irinta shiga gari kafin ka gama biya, bashin na nan, motar kuma ba mai saye. Shi ya sa a watan Yunin 2019 bankuna 11 masu ba jirage rance, ciki har da Citi da Société Générale da DNB, suka ƙulla abin da suka kira ƙa'idojin Poseidon, inda kowane banki zai riƙa bayyana a kowace shekara ko jiragen da ya ba bashi suna tafiya daidai da burin rage hayaƙi. Daga nan bayanin man da jirgi ya sha ya shiga cikin takardun neman rance.

A daidai lokacin ne awo ya zama dole. Tarayyar Turai ta fara karɓar alƙaluman hayaƙin manyan jirage a 2018, IMO ta bi baya a 2019 ga jirage masu girman tan 5,000 zuwa sama. A Afrilun 2018 IMO ta sa burin rage rabin hayaƙin kafin 2050 idan aka kwatanta da 2008, sai a Yulin 2023 ta ɗaga shi zuwa kawar da shi gaba ɗaya a wajajen 2050. A tsakani, ranar 1 ga Janairun 2020, an rage yawan farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5. Wannan dokar ta lafiyar huhu ce, ba ta ɗumamar yanayi ba, amma ta koyar da darasin da ya kamata mai kaya ya riƙe: manyan kamfanonin sun sake tsarin kuɗin mai a takardar dako, suka ɗora ƙarin a kan mai kwantena.

Akwai ƙa'ida guda da ta shafi Legas fiye da yadda ake zato. Tun Janairun 2023 ana ba kowane babban jirgi maki daga A zuwa E a kan tsimin mansa. Wanda ya samu E sau ɗaya, ko D shekara uku a jere, sai ya gabatar da shirin gyara. Yadda ake lissafin shi ne a raba hayaƙin da jirgi ya fitar a shekara da girmansa da kuma nisan da ya yi. To jirgin da ya jefa anga a bakin teku yana jiran gurbi, janaretocinsa na aiki, kwantenonin sanyi na cin wuta, yana ƙona mai ba tare da ya ƙara ko mil ɗaya ba. Makinsa na faɗuwa. Duk wanda ya ga jerin jiragen da suka yi makonni a gaban Apapa a 2020 ya san ba mu da tabbas a wannan fanni, kuma cunkoson tashar ya girmi yawancin direbobin da ke kwana a layin Ijora, tun rikicin jiragen siminti na 1975 da ya sa aka gaggauta gina Tin Kan aka buɗe a 1977. A ganina, nan ne sauyin yanayi zai fara cizon mu ba tare da an kira sunansa ba: tashar da ke ɓata wa jirgi maki, ko a ƙara mata kuɗi, ko a tura mata jiragen da kamfani ya riga ya fid da rai da makinsu. Tashar Lekki da aka buɗe a Janairun 2023, mai zurfin mita 16.5, ta rage wani ɓangare na matsalar domin manyan jirage na iya shiga kai tsaye.

Manyan kamfanonin da ke da ƙafa a Legas kowa ya zaɓi hanyarsa. Maersk na Danmak, wanda reshensa APM Terminals ke riƙe da tashar kwantena ta Apapa tun sayar da izinin tashoshi a 2006, ya yi alkawari a Disambar 2018 zai kawar da hayaƙinsa kafin 2050, a Janairun 2022 ya jawo wa'adin zuwa 2040. Ya jingina da man metanol, aka raɗa wa jirginsa na farko mai amfani da shi suna Laura Maersk a Kofenhegan a Satumbar 2023. Sai dai tsaftataccen metanol bai wadata a kasuwa ba, ga tsada, kuma a 2024 kamfanin ya sanar zai haɗa da jirage masu amfani da iskar gas a sababbin odarsa. CMA CGM na Faransa, mai tafiyar da tashar kwantena ta Lekki, tun farko gas ya rungume. Gas ɗin ma da nasa aibin, domin wani ɓangare na iskar mitan na kuɓucewa daga inji ba tare da ya ƙone ba, kuma ita ta fi kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. MSC, wanda ya sayi harkokin sufuri da tashoshi na kamfanin Bolloré a Afirka a ƙarshen 2022, kamfanin iyali ne da ba ya kasuwar hannun jari, don haka abin da yake bayyanawa na kuɗi bai kai na sauran ba, ko da yake yana fitar da rahoton muhalli.

Sai Turai ta gaji da jiran IMO. Daga Janairun 2024 ta sa jiragen ruwa a kasuwarta ta izinin hayaƙi, inda ake sayen izini a kan kowane tan da aka fitar: kamfani zai biya a kan kashi 40 na hayaƙin 2024, kashi 70 na 2025, sannan duka daga 2026. Tafiyar da ke tsakanin tashar Turai da wata ta waje, kamar Legas zuwa Antwaf, rabin hayaƙinta ake lissafawa. Har sun toshe hanyar zillewa, suka ce tsayawar jirgin kwantena a Tanja ta Maroko ko gabashin Fot Sa'id ta Masar ba za ta yanke lissafin tafiya ba. Kuɗin da aka karɓa a kan hayaƙin da ya tashi a gaɓar Afirka ta Yamma, a baitulmalin Turai yake ƙarewa. Babu wanda ya tambayi mai cittar Kaciya.

IMO ta yi yunƙurin kafa nata tsarin na duniya baki ɗaya. A Afrilun 2025 aka amince da daftari mai tarar dala 100 da dala 380 a kan kowane tan na hayaƙi da ya haura ƙa'ida, kuɗin kuma ya shiga asusun da ƙasashe masu tasowa ke fatan samun rabo. Da aka zo tabbatar da shi a Oktoba, gwamnatin Trump ta yi barazanar takunkumi ga masu goyon baya, Saudiyya ta nemi a ɗage, aka jefa ƙuri'a aka ɗage da shekara guda.

Wanda ya buɗe rahotannin kamfanonin zai ga ɓangaren haraji da farashin mai cike da alƙaluma, ɓangaren ɓarnar yanayi kuwa galibi da kalmomi masu faɗi. Ba don haɗarin ƙarami ne ba. A 2023 fari ya janye ruwan tafkin Gatun da ke ciyar da mashigin Fanama har hukumar mashigin Fanama ta rage jiragen da ke wucewa a rana daga kusan 36 zuwa 24 ko ƙasa. Legas kuwa birni ne da ke kwance dab da teku. Ganuwar duwatsun da Turawa suka gina a bakin mashigar tashar a farkon ƙarni na 20, don kada yashi ya toshe hanyar jirgi, ita ce ta tare yashin da ke ciyar da gaɓar Bar Bich, teku ta yi ta cinye gaɓar shekara da shekaru har aka zo ga aikin cike teku na Eko Atlantic. Ruwan 10 ga Yulin 2011 da na farkon Yulin 2024 sun nuna abin da awanni kaɗan na mamako ke yi wa titunan birnin. Amma rahoton kamfani a ƙofar tasha yake tsayawa, domin kadarorinsa yake lissafawa: jirgi, injin ɗaga kaya, filin kwantena. Titin Oshodi zuwa Apapa ba nasa ba ne. Idan ruwa ya tsayar da tirela, kwanakin da ake ba mai kaya kyauta ya riƙe kwantena suka ƙare, kuɗin jinkiri a kan mai kaya yake, direban da ya taso daga Kano ko Funtuwa kuma shi ke kwana a mota. Wannan asara ba ta da shafi a rahoton kowa.

Dokar gida na tafe, sannu a hankali. A Nuwamban 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawari a taron Gilasgo cewa Najeriya za ta kawar da hayaƙinta kafin 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan, wadda ta ɗora wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama nauyin naɗa jami'in da zai kula da batun. A taron na Gilasgo aka kafa hukumar ISSB mai tsara ma'aunan rahoton da kamfanoni za su bayar kan yanayi da muhalli, wadda ta gaji aikin TCFD ta fitar da ma'aunanta biyu a Yunin 2023. Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka ce za su ɗauka, kuma jadawalin hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ya bar abin a ganin dama har 2027, ya zama tilas ga manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana kuma daga 2030.

Sai dai ba mu da babban kamfanin jiragen kwantena da dokar za ta kama, tun da aka rushe na gwamnati, NNSL, a 1995. Za ta fi aiki a kaikaice. Ma'aunin ya buƙaci kamfani ya lissafa hayaƙin da ya tashi wajen kawo masa kaya da kai masa, ba na masana'antarsa kaɗai ba. Kamfanin fulawa ko siminti ko banki da ke kasuwar hannun jari ta Legas zai nemi alƙaluma daga kamfanin jirgi, daga mai tasha, har daga ɗan kwangilar da ke ba shi tireloli. Masu sayen riɗi da fata a Turai tuni wasunsu suka fara aiko da irin waɗannan tambayoyi. Mai motoci goma a Ijora da ba ya rubuta litar dizal ɗin da kowace ta sha tsakanin Apapa da Dawanau zai iske fom yana jiransa ranar sabunta kwangila.