Intanet Ta Layin Tarho: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Dial-up Da DSL

Kafin faiba (wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske) da intanet ɗin wayar hannu su mamaye duniya, ta layin tarho gidaje da ofisoshi suke shiga intanet. Hanyoyi biyu ne suka yi fice, dial-up da DSL, kuma dukansu a kan waya iri ɗaya suke tafiya: sili biyu na jan ƙarfe da aka murɗe, waɗanda tun asali don ɗaukar murya kaɗai aka shimfiɗa su. Duk wanda ya fahimci halin wannan wayar, ya fahimci rabin abin da ke damun masu amfani da su.

Mene ne dial-up, kuma yaya yake aiki?

Kwamfuta ce take buga tarho, kamar yadda mutum zai buga. Na'urar da ake kira modem tana kiran lambar kamfanin da ke sayar da intanet, wani modem ɗin ya ɗauka a can, sai su fara magana da sauti. Bayanan kwamfuta lambobi ne, layin tarho kuwa sauti kawai ya sani, don haka modem ɗin nan ya mayar da lambobi sauti, na can ya mayar da sautin lambobi.

Wanda ya taɓa amfani da shi ba zai manta da ƙarar haɗuwar ba. Da farko amon layi, sai ƙarar danna lambobi, sai wata doguwar shewa, tsuwwa ta biyo baya, sannan wani shuuu mai kauri, sai tsit. Duk wannan hayaniyar aiki ne. Na'urorin biyu suna tambayar juna wane tsari kowa ya iya, suna gwada layin su ji inda yake da tsabta da inda yake da ƙura, sannan su daidaita kan gudun da zai iya ɗauka. Shirun da ya biyo baya lasifikar modem ce aka kashe, amma a cikin layin ƙarar tana nan har a katse kiran.

Fasahar ta girmi intanet ɗin da muka sani. Modem ɗin Bell 103 na shekarar 1962 yana tura bit 300 ne a daƙiƙa (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta). A 1989 wani kamfani mai suna The World a jihar Massachusetts ta Amurka ya fara sayar wa jama'ar gari intanet ta wannan hanya.

Me ya sa gudunsa ya tsaya a kilobit 56?

Saboda yadda aka gina tsarin tarho ne. Injiniyoyi sun ga cewa muryar ɗan Adam ana gane ta sarai idan aka ɗauki sautin da ke tsakanin haz 300 zuwa 3,400 (haz ma'auni ne na yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa), sai suka datse duk abin da ya wuce haka. A cibiyar tarho kuma ana ɗebo samfurin muryar sau 8,000 a daƙiƙa, kowane samfuri bit 8, wato kilobit 64 ke nan jimla. Tunda dial-up kiran murya ne a idon kamfanin tarho, ba shi da hanyar tsallake wannan rufin.

A hankali aka riƙa matsawa kusa da shi: kilobit 14.4 a 1991, 28.8 a 1994, sannan 33.6. Daga nan aka zaci an kai ƙarshe. Dabarar da ta kawo 56 ita ce a haɗa ɓangaren kamfanin intanet kai tsaye da tsarin tarho na dijital, ta yadda bayanan da ke saukowa ba sai an fara mayar da su sauti a can ba. A 1997 tsari biyu suka fito suna gogayya, X2 na US Robotics da K56flex na Rockwell da Lucent, kuma ba sa jituwa da juna. Mutum ya sayi modem mai tsada, ya tarar kamfaninsa ɗaya tsarin yake amfani da shi. Sai a 1998 hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba gardama da tsarin V.90.

Ko da haka, 56 ɗin ta saukewa ce kawai, ɗorawa ta tsaya a 33.6, sai V.92 ya ɗaga ta zuwa 48. A Amurka ma dokar taƙaita ƙarfin sigina ta tsayar da gudun a wajen 53. A zahiri yawancin mutane arba'in da wani abu suke samu. Ga lissafi mai sauƙi: kilobit 56 kilobait 7 ne a daƙiƙa (bait ɗaya bit 8 ne), don haka hoto guda mai megabait 3, irin wanda wayar hannu ke ɗauka yau, zai ci minti bakwai ko fiye kafin ya sauka.

Da gaske ne idan ana intanet ba a iya kiran gidan?

Da gaske ne. Layin yana kan kira, duk wanda ya bugo zai ji a cike yake. Idan wani ya ɗaga kan tarho a wani ɗaki, haɗin yakan yanke. Shi ya sa ofisoshi da gidajen da ke da hali suke saka layi na biyu don kwamfuta kaɗai. A ƙasashen da ake biyan kuɗin kira da minti kuwa, kowane minti a intanet yana hawa kan takardar kuɗin tarho, ban da kuɗin kamfanin intanet.

To in waya ɗaya ce, ta yaya DSL ya ninka shi gudu sau ɗaruruwa?

Nan ne hikimar take. Iyakar haz 3,400 ɗin nan ta na'urorin cibiyar tarho ce, ita wayar jan ƙarfen tana iya ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba. Kamar titi ne mai faɗi da aka shekara ɗari kowa yana bin ɗan gefensa. DSL ya bar wa murya gefenta, ƙasa da kilohaz 4, ya hau sauran filin. Nau'in ADSL na farko, wato DSL ɗin da saukewarsa ta fi ɗorawarsa gudu, yana aiki daga wajen kilohaz 25 har zuwa megahaz 1.1.

Kuma ba ya bi ta na'urar haɗa kira. Da zarar wayar ta isa cibiya, sai a raba: murya ta nufi tsarin tarho, bayanai su shiga wata na'ura da ake kira DSLAM, wadda ke tattara layukan masu amfani da yawa ta miƙa su ga intanet. Shi ya sa babu buga lamba, babu jiran haɗuwa, kuma ana iya magana a tarho ana lilo a lokaci guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda modem ɗin DSL yake bi da layin da ba shi da lafiya. Yana yanka filin nan gida 256, kowane gida faɗinsa kilohaz 4.3 da 'yan kai, ya gwada kowannensu. Gidan da ya samu da tsabta ya loda masa bayanai da yawa, wanda tashar rediyo ko wata na'ura ke yi wa kutse ya rage masa, wanda ya lalace gaba ɗaya ya tsallake shi. John Cioffi na Jami'ar Stanford ne ya jagoranci wannan dabara, kuma ita aka ɗauka a matsayin tsarin ADSL. Lokacin da fitilar modem ke ƙyaftawa bayan an kunna shi, wannan gwajin yake yi.

Me ya sa saukewa ta fi ɗorawa gudu sosai?

Da gangan aka yi. Joseph Lechleider na cibiyar bincike ta Bellcore ya lura a ƙarshen shekarun 1980 cewa wayoyin da ke cikin dami ɗaya suna yi wa juna kutse, kuma idan aka rage abin da ke tafiya ta ɓangare ɗaya, za a iya ƙara na ɗaya ɓangaren sosai. Tunda a lokacin mai amfani ɗan umarni kawai yake aikawa ya karɓi shafi ko bidiyo, sai aka ba saukewa kaso mafi tsoka. ADSL na 1999 yana kaiwa megabit 8 a saukewa, ɗorawa kuwa wajen megabit 1.

A wancan zamanin shawara ce mai kyau. Yau da ake taro ta bidiyo, ana ajiye fayiloli a intanet, ana saka kyamarar tsaro mai aika hoto dare da rana, wannan megabit ɗayan shi ne wuyan da ke shaƙe mutane. Wani a gidan yana tura bidiyo, sai kowa ya ga intanet ya tsaya cik, alhali gudun saukewa bai taɓu ba.

ADSL2+, VDSL2, G.fast: mene ne bambancinsu?

Kowanne yana hawa sama ne a ma'aunin haz don ya sami ƙarin fili. ADSL2+ na 2003 ya kai megahaz 2.2 da megabit 24. VDSL2 na 2006 yana iya kaiwa megabit 100. G.fast na 2014 yana dosar gigabit 1. Sai dai duk wanda ya fi gudu, ya fi gajeren zango. Don haka a tsarin VDSL2 kamfani yakan ja faiba har zuwa akwatin da ke bakin titi, jan ƙarfe ya ƙarasa 'yan ɗaruruwan mitocin da suka rage. G.fast kuwa sai wayar ba ta wuce mita ɗari ko makamancin haka ba yake nuna bajintarsa.

Kuɗi ɗaya muke biya da wani, amma nasa ya fi nawa gudu. Cuta ce?

Galibi tsawon waya ne. Sigina tana raunana yayin da take tafiya a jan ƙarfe, kuma sassanta masu haz mafi yawa, waɗanda su ne ke ɗauke da yawancin gudun, su ke fara mutuwa. Wanda ke kusa da cibiya zai sami kusan duk megabit 24 ɗin ADSL2+. Wanda ke kilomita uku zai sami kaso kaɗan daga ciki. A wajen kilomita biyar abin da ya rage ɗan ƙalilan ne, wani lokaci ma layin ba zai kama ba sam.

Tsawon da ake magana kuma na wayar ne, ba na hanyar mota ba. Waya tana iya zagayawa ta unguwa biyu kafin ta iso gidan da ake hango shi daga cibiya. Ga kuma kaurin silin, ga mahaɗar da ta yi tsatsa ko ruwa ya shiga, wadda ke sa intanet ya riƙa yankewa duk lokacin da aka yi ruwan sama. A tsofaffin dogayen layuka akwai wasu naɗaɗɗun wayoyi da aka saka don gyara murya, su kuwa suna toshe DSL gaba ɗaya sai an cire su.

Inda nake ganin kamfanoni ba sa kyautawa shi ne tallar "har zuwa megabit kaza". Ba ƙarya ba ce, amma sun san tsawon layin kowane gida, suna iya faɗa wa mutum abin da zai samu tun kafin ya sa hannu. Ka nemi su ba ka ƙiyasin gudun layinka kai kanka, a rubuce. Idan ka riga ka shiga, buɗe shafin saitin modem ɗinka. Za ka ga lambobi biyu a ma'aunin dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sigina): ɗaya tana nuna yawan raunin da sigina ta yi a hanya, ƙaramarta ita ce mai kyau, ɗayar tana nuna tazarar da ke tsakanin sigina da ƙura, wadda kamfanoni da yawa ke saitawa a wajen 6. Idan ta biyun tana faɗuwa kusa da sifili da dare ko lokacin damina, layin ne ke da matsala, kuma kana da hujjar da za ka nuna wa mai gyara.

Wannan ɗan akwatin da ake maƙalawa a soket fa?

Filta ce, tana raba murya da bayanai. Duk abin da ke kan layin, tarho ne, faks ne, ko na'urar ƙararrawar tsaro, yana buƙatar tasa. Aka manta da guda ɗaya, sai a riƙa jin shuuu a cikin kira, intanet kuma ya yanke duk sanda tarho ya yi ƙara. Kafin ka kira kamfani, cire komai, ka haɗa modem kaɗai a soket ɗin farko da waya ta shigo gidan. Idan gudu ya gyaru, matsalar tana cikin wayoyin gidanka ne.

Me ɗan kasuwa yake saya da ƙarin kuɗin da yake biya, tunda wayar ɗaya ce?

Alkawari yake saya fiye da gudu. Na farko, alkawarin gyara: yarjejeniyar kasuwanci takan faɗi cikin awa nawa za a gyara layi idan ya lalace, wani lokaci da diyya in an saɓa. Mai gida kuwa sai ya bi layi. Shagon da na'urar karɓar kuɗinsa ta dogara da intanet ya san abin da wuni guda babu layi yake jawo masa.

Na biyu, adireshin IP na dindindin, wato lambar da ake gane layin da ita a intanet. Na gida yakan canza lokaci zuwa lokaci, wanda ba ya damun mai kallon bidiyo, amma yana damun ofishin da ke da sabar saƙonni, ko ma'aikatan da ke shiga kwamfutocin ofis daga nesa. Na uku, yawan waɗanda ake raba babban bututun da su bayan DSLAM. A farkon shekarun 2000 a Birtaniya, layin gida ana raba shi tsakanin mutum 50 ne, na kasuwanci tsakanin 20. Na huɗu, akwai nau'in da ɗorawa da saukewa suke daidai, irin su SHDSL, wanda ke ba da wajen megabit 2.3 ta kowane ɓangare a kan sili biyu. Lambar ƙarama ce, amma ga ofishin da aikinsa aikawa ne ta fi ADSL amfani.

Shawarata ga mai ƙaramar sana'a: ya karanta sashen gyara a yarjejeniyar kafin ya kalli lambar gudu. Idan babu adadin awanni a rubuce, layin gida ne aka canza wa suna.

Har yanzu akwai masu amfani da su?

Akwai, amma suna raguwa. Kamfanin AOL, wanda ya shigar da miliyoyin Amurkawa intanet a shekarun 1990, ya rufe dial-up ɗinsa a ƙarshen Satumban 2025. Kamfanin tarho na Amurka AT&T ya daina sayar wa sababbin kwastomomi tsohon DSL ɗinsa tun Oktoban 2020. A Birtaniya an tsayar da Janairun 2027 don kashe tsohon tsarin tarho. Ƙasashen da layin tarho bai taɓa yaɗuwa a cikinsu ba kuwa, yawancin jama'arsu kai tsaye suka faɗa intanet ɗin wayar hannu.

DSL yana nan a ƙauyuka da tsofaffin gine-gine da faiba ba ta kai ba. Modem ɗin kira kuma ya laɓe a wuraren da ba a lura: tsofaffin na'urorin cirar kuɗi, ƙararrawar tsaro, da layin ko-ta-kwana da injiniyoyi ke bi su shiga na'urar ofis idan babban layi ya mutu.

Idan kamfani ya ce zai cire jan ƙarfe ya saka faiba, me ya kamata a duba?

A karɓa, domin faiba ba ta damu da kilomitocin da ke kashe DSL ba, kuma ɗorawarta ta fi ƙarfi sosai. Amma a fara zagaya gida ko ofis a lissafa duk abin da ke maƙale da tsohon layin: faks, ƙararrawa, tarhon gaggawa na cikin lif, maɓallin neman agaji da tsofaffi ke ratayawa. Wasunsu ba za su yi aiki a sabon tsarin ba sai an canza su. Sannan batun wuta: tsohon tarho mai igiya daga cibiya yake samun lantarkinsa, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wuta. Na faiba da wutar gidan ya dogara, don haka a tambayi kamfanin ko zai ba da batir, da kuma awa nawa batirin yake riƙewa.