Yaron da ba ya cin nama: tambayoyin da iyaye ke yi

A Indiya akwai miliyoyin gidaje da ake haifar yaro ya girma bai taɓa ɗanɗana nama ba, saboda addini da al'ada. A Turai da Amurka sau da yawa matashi ne da kansa yake cewa ya daina. A wajenmu kuwa tsada ce ta fi raba yara da nama, sai ranar suna ko Babbar Sallah. Dalilan sun bambanta, amma abin da jikin yaro yake nema ɗaya ne.

Yaro zai iya girma lafiya ba tare da nama ba?

Zai iya, amma sai an duba me aka bari. Wanda ya bar nama da kifi, yana shan nono da madara, yana cin ƙwai, lamarinsa da sauƙi. Wanda ya bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, a kansa ne masana suka rabu. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce irin wannan cimar, in an tsara ta da kyau, ta dace da kowane mataki na rayuwa. A shekarar ce kuma takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba da shawarar a ɗora jarirai da yara da matasa a kanta ba. Inda suka haɗu shi ne dole a ƙara da bitamin B12.

Ina zai samu furotin, sinadarin gina jiki?

Wannan ne iyaye suka fi tambaya, kuma shi ne mafi ƙarancin wahala. Gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin wani sinadarin furotin mai suna laisin, wake kuwa cike yake da shi. Shinkafa da wake, alale da koko, ƙosai da kunu, tuwo da miyar gyaɗa mai daddawa, duk sun cike wannan giɓi. Ba lallai a haɗa su a kwano ɗaya ba, muddin an ci su a yini guda. Awara ma ba ta da na biyu, domin furotin ɗin waken suya ya kusa na nama a inganci. Abin tsoro shi ne matashin da ya bar nama ya koma taliya da biredi da lemon kwalba.

To ina ainihin haɗarin yake?

A bitamin B12. Ba a samun sa a zogale, ko wake, ko daddawa, ko wani ganye da za a dogara da shi. Yana cikin nama, kifi, ƙwai, madara da nono. Abin da ake buƙata kaɗan ne: maikirogiram 1.2 a rana ga ɗan shekara 4 zuwa 8, 1.8 ga ɗan 9 zuwa 13, sai 2.4 daga shekara 14. Matsalar ita ce hanta tana ajiye shi, don haka matashi zai iya shekaru bai ji komai ba, sai daga baya kasala ta shigo, da mantuwa, da ƙaiƙayi ko mutuwar tafin hannu da ƙafa. Jariri bai da wannan ajiyar sosai. In uwa mai shayarwa ba ta da shi, nononta ma ba zai wadatar ba, kuma illar da hakan ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri tana iya zama har abada. Duk gidan da ba a cin komai na dabba, ƙwayar B12 wajibi ce ga uwa da yara.

Ƙarancin jini fa?

Jini na buƙatar sinadarin ƙarfe, amma jiki ba ya tsotsar na tsirrai kamar yadda yake tsotsar na nama, shi ya sa ake cewa wanda ba ya cin nama ya nemi kusan ninki biyu. 'Yan mata da suka fara al'ada su ne a gaba wajen haɗari: miligiram 15 suke buƙata a rana tsakanin shekara 14 da 18, samari kuwa 11. Wake, gero, riɗi, alayyafo da zogale duk suna da shi. Bitamin C yana taimaka wa jiki ya ɗauka, don haka a haɗa da lemo, gwaiba, ɗanyen tumatir ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar ƙarfen sosai. A raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda. Jiƙa wake ya kwana, da barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, suna rage sinadarin da ke riƙe ƙarfe da zinc a cikin hatsi.

Yaron da ake shirin yayewa fa?

Nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara ƙari ana ci gaba da shayarwa. Madarar waken suya da ake yi a gida ba ta maye gurbin nono. Cikin yaro ƙarami ne, tsinkakken kunu yakan cika shi ba tare da ya ba shi ƙarfi ba. A dama da kauri, a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, da ɗan manja. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, gubarta tana lalata hanta.

Ƙashi zai yi ƙwari?

Daga shekara 9 zuwa 18 ana buƙatar miligiram 1,300 na kalsiyam a rana, domin lokacin ne ƙashi ke ginuwa. Mai shan nono da kindirmo ya huta. Wanda ba ya sha ya lizimci miyar kuka, riɗi da zogale.

Yaushe za a je asibiti?

In nauyin yaro ya tsaya, ko cikin idonsa ya yi fari, ko yana haki kan ɗan aiki, a kai shi a auna jini. Haka budurwar da ta bar nama rana ɗaya, sannan ta bi da barin mai, tana tsallake abinci, tana yawan duba jikinta: wani lokacin barin naman fakewa ce don rage ƙiba, kuma wannan ciwo ne da ke buƙatar likita.