Faffaɗan Hoto na 16:9 a Faifan DVD

Faffaɗan hoto na 16:9 shi ne bidiyon da faɗinsa ya kai kashi 16, tsayinsa kuma kashi 9, wanda idan aka ɗora shi a faifai yadda ya kamata zai cika allon talabijin na zamani ba tare da fuskokin mutane sun tsuke ko sun baje ba. Tsarin DVD ya shiga kasuwa a Japan a ƙarshen 1996, a Amurka kuma a 1997, kuma siffar hoto biyu kaɗai ya amince da su: 4:3 ta tsohuwar akwatin talabijin, da 16:9. Injiniya Kerns Powers na SMPTE, ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin, ne ya kawo shawarar ta biyun a 1984, don a samu tsaka-tsaki tsakanin allon gida da na sinima.

Yadda ake matse hoton

A cikin faifan babu wani faffaɗan hoto da aka ajiye. Ko wace siffa aka zaɓa, adadin ɗigogin hoton ɗaya ne: 720 a kwance da 576 a tsaye a tsarin PAL, wanda Najeriya da Ghana da yawancin Turai ke bi, ko 720 da 480 a tsarin NTSC na Amurka da Japan. Idan aka raba 720 da 576 za a samu 1.25, alhali 4:3 na nufin 1.33, 16:9 kuma 1.78. Ke nan dole na'urar kunna faifai ta miƙe hoton kafin ta nuna shi. Ga 4:3 miƙewar kaɗan ce, zuwa faɗin 768. Ga 16:9 kuwa sai ta kai shi 1024. Wannan dabara ta matse hoto daga gefe da gefe, a sake baza shi lokacin kallo, ita ake kira anamofik.

Ita na'urar ba ta duba hoton ta gane siffarsa. Alama take karantawa, kuma alamar tana wuri biyu: a cikin bayanan bidiyon MPEG-2 (tsarin da DVD ke ajiye bidiyo da shi) da ke cikin fayilolin VOB, inda lamba 2 ke nufin 4:3, lamba 3 ke nufin 16:9, sannan a fayil ɗin IFO, mai gaya wa na'ura yadda za ta kunna faifan, da ke cikin jakar VIDEO_TS. Na'urorin gida galibi IFO suke bi, wasu manhajojin kwamfuta kuma su bi na cikin bidiyon. Shi ya sa mai tace bidiyo zai ga aikinsa lafiya lau a kwamfutarsa, amma da aka kai faifan gidan amarya aka saka, sai ango ya fito siriri, dogo kamar sanda, tayar mota kuma ta koma siffar ƙwai. Hoton bai lalace ba, alamar ce ta ɓace a hanya.

Inda ake yin kuskure

Matakai uku ne sai bakinsu ya zo ɗaya: saitin aikin a manhajar tacewa, saitin fitar da MPEG-2, da saitin manhajar haɗa faifai, irin su DVD Architect, Adobe Encore, DVD Studio Pro ko dvdauthor. Na ukun ya fi cin mutane, domin wasu manhajojin kan buɗe sabon aiki a 4:3 ba tare da sun tambaya ba.

Kuskure mafi muni shi ne a bar manhaja ta cusa faffaɗan hoton cikin 4:3, ta zana masa baƙi sama da ƙasa. A nan siffar mutane ba ta karkace ba, don haka mai aikin kan ɗauka komai ya yi daidai. Amma daga layuka 576, guda 432 ne kawai ke ɗauke da hoto, kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a baƙi. A faffaɗar talabijin sai hoton ya zauna a tsakiya, baƙi ya kewaye shi ta kowane gefe, idan aka zuƙo shi kuma ya dusashe. Tsohon faifan VCD, wanda finafinan Hausa suka daɗe suna yawo a kansa, haka yake yi da faffaɗan hoto, don ɗigoginsa 352 ne da 288 kuma an gina shi ne a kan 4:3.

Akwai kuma ƙa'idar rukuni. DVD na tara bidiyoyi rukuni-rukuni, ana kiran kowane rukuni VTS, kuma duk bidiyon da ke rukuni ɗaya siffa ɗaya suke ɗauka. Wanda ya haɗa tsohon ɗauka na 4:3 da sabo na 16:9 sai ya raba musu rukuni, ko ɗayansu ya karkace.

Gyara

Idan alama ce kaɗai ta kuskure, ba sai an sake fitar da bidiyon ba. Ƙananan manhajoji kamar IfoEdit da DVDPatcher na canza ta, a sake ƙona faifai. Idan kuwa an riga an zana baƙin a jikin hoton, sai an koma asalin aikin an fitar da shi daga farko.

Kafin a ɗora wa faifai laifi, yana da kyau a duba saitin na'urar kunnawa. Idan an gaya mata talabijin ɗin 4:3 ce, ita da kanta za ta sa baƙi sama da ƙasa, ko ta yanke gefe da gefe idan faifan ya ba da izini. Finafinan sinima masu faɗin 2.39:1 kuwa ko a allon 16:9 sai sun fito da baƙi, wannan ba aibu ba ne.

Faifan Blu-ray, da ya fito a 2006, ya rage wannan matsala, domin hotonsa na 1920 da 1080 tun asali 16:9 ne. Sai dai ɗaukan kyamarorin HDV, mai ɗigogi 1440 da 1080, shi ma matsattse ne, kuma yana buƙatar a sa masa alamarsa daidai.