Bindigar Roba a Kan Titi: Me Doka Ke Nema Daga Mai Ɗaukar Fim ɗin Fashi?

A watan Satumba na 2017, a garin Crawfordsville da ke jihar Indiyana ta Amurka, wani ya buga wa 'yan sanda waya cewa ya ga mutum da rufaffiyar fuska, riƙe da bindiga, ya shiga wani wurin kasuwanci. Suna isowa sai ga shi ya fito da baya, bindigar na hannunsa. Aka daka masa tsawa ya yar, ya waiwayo, ɗan sanda ya saki harsashi. Allah ya tsare, bai same shi ba. Ashe ɗan wasa ne, bindigar ta ƙarya ce, kyamara tana can ciki. Masu fim ɗin ba su sanar da hukuma ba.

Wannan shi ne tushen duk wata ƙa'ida ta ɗaukar fim ɗin laifi a wajen sutudiyo. Mai fim ɗin soyayya zai iya tsayar da jarumansa a bakin titi su yi hira, ba wanda zai firgita. Kai kuwa aikinka kenan ka kwaikwayi fashi ko kisa ko sace mutum har ya yi kama da gaske. Iya ƙwarewarka, iya haɗarin. Mai wucewa bai karanta labarinka ba, ɗan sandan da aka kira kuma daƙiƙa biyu gare shi ya yanke shawara.

Shi ya sa dokoki da yawa ba ƙarfin makamin suke dubawa ba, kamanninsa suke dubawa. A Birtaniya, sashe na 19 na dokar makamai ta 1968 ya haramta fita bainar jama'a da abin da ya yi kama da bindiga ba tare da izini ko ƙwaƙƙwaran uzuri ba. Ɗaukar fim na iya zama uzuri, amma kai ne za ka tabbatar da shi, kuma ba a tabbatar da shi da baki bayan an kewaye ka. Wata dokar ƙasar ta 2006, wato dokar rage munanan laifuka, ta ƙara tsaurara sayarwa da shigo da irin waɗannan bindigogi, sannan ta bar wa masu fim da wasan kwaikwayo ƙofa.

Birnin New York ya fayyace iyakar sarai. In da kyamarar hannu kake, ba ka tare hanya ba, ba ka buƙatar takardar izini. Amma da zarar makamin wasa ya shigo, ko motar da aka yi wa fentin ta 'yan sanda, ko ɗan wasa sanye da kakinsu, izini ya wajaba, tare da inshorar da ba ta gaza dala miliyan 1 ba. Maganar kaki kuwa ana yawan raina ta, alhali kusan ko'ina shigar burtu a matsayin ɗan sanda laifi ne mai zaman kansa. Ka duba yadda abin yake: an tsaya hutu, jaruminka ya taka zuwa kwana da kakinsa, wata mata ta rugo wurinsa neman ɗauki na gaske. Me zai ce mata?

Abin da ake so a aikace ba shi da wuya. Ka kai wa ofishin 'yan sandan yankin takarda kafin ranar aiki: ga wuri, ga lokaci, ga abin da za a gani, ga ƙarar da za a ji. Ka karɓi shaidar cewa sun sani. Ka sanar da maƙwabta gida-gida, ka kafa allunan sanarwa a kowane bakin hanya. Makami ya zauna a akwati a hannun mutum ɗaya, a fito da shi in darakta ya shirya, a mayar da zarar an gama.

Na san abin da furodusa mai ƙaramin jari zai ce: kuɗi babu, lokaci babu, mu shiga mu ɗauka mu fita kafin a farga. Raina yana tare da shi wajen ƙarancin kuɗin, amma ban yarda da dabarar ba, domin ba nasa ran kaɗai yake caca da shi ba.

Izinin hukuma kuma bai ɗauke maka izinin mai wuri ba, kuma dole mai wurin na ainihi ne. Ranar 20 ga Fabrairun 2014, ma'aikatan fim ɗin Midnight Rider suka hau gadar jirgin ƙasa a kan kogin Altamaha a jihar Jojiya ta Amurka, suka gicciye gadon asibiti a kan layin dogo. Suna da izinin kamfanin da ya mallaki filin da ke kewaye, amma kamfanin jirgin, CSX, ya riga ya ce musu a'a. Jirgi ya taho. Sarah Jones, mataimakiyar mai kyamara 'yar shekara 27, ta rasu nan take, wasu suka jikkata. A 2015 daraktan, Randall Miller, ya amsa laifin shiga wuri ba izini da kisa ba da gangan ba, aka ɗaure shi. Ba fim ɗin fashi ba ne, amma wuraren da fim ɗin fashi ke kwaɗayi irinsu ne: dogo, kango, rufin bene, tsohuwar masana'anta. Don mai gadi ya ce ku shiga, wannan ba izini ba ne. A rubuta yarjejeniya da mai mallaka, da ranaku, da wanda zai biya in an yi ɓarna.

Saura harsashi. A watan Oktoban 2021 harsashin gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico ta Amurka, kuma a 2024 kotu ta yanke wa mai kula da makaman fim ɗin ɗaurin wata 18. Ko harsashin da ba shi da kai yana kisa in an harba shi a kusa. Yau ana iya saka walƙiyar bakin bindiga da ƙararta a kwamfuta lokacin tace fim. Duk wanda ba shi da halin ɗaukar ƙwararren mai kula da makamai, ya riƙe ta roba, ya bar wa mai tacewa sauran aikin.