Kulocin babur mai aiki cikin mai: halinsa idan an matse shi

Kulocin mai shi ne irin kulocin da farantansa ke juyawa cikin man inji, kuma shi ne a yawancin baburan da ake hawa, har da Honda CG125 da Bajaj Boxer da 'yan acaɓa suka saba da shi. Abin da ya bambanta shi da busasshen kuloci shi ne, ko an matse hannunsa har ƙarshe, ba ya raba inji da giya ɗari bisa ɗari.

A cikinsa akwai farantai iri biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Masu fatar gogayya suna da kunnuwa a bakinsu na waje, suna maƙale da kwandon da inji ke juyawa. Na ƙarfe zalla kuwa haƙoransu na ciki ne, suna riƙe da sandar da ke shiga giya. Sifirin ne ke matse su wuri guda. Idan mahayi ya ja hannun kuloci, murfin da ke danne su yakan ja baya da ɗan tazara kaɗan, wadda duk farantan za su raba a tsakaninsu. Saboda haka ratar da ke tsakanin faranti da ɗan'uwansa ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma mai ne ya cika ta. Wannan man mai danƙo shi ke ci gaba da jan farantan ƙarfe a hankali.

Daga nan ne ƙarar "ƙas" da ake ji idan an sa giya ta ɗaya take fitowa. Giyar babur ba ta da abin daidaita gudu irin na mota, don haka haƙoran da ke juyawa sukan ci karo da waɗanda ke tsaye. Haka kuma idan aka ɗaga babur a kan jakinsa na tsakiya, tayar baya takan yi ta juyawa ko da hannun kulocin a matse yake. A taɓa birki kaɗan, sai ta tsaya. Abin ya fi tsanani da sanyin safiya, musamman lokacin hunturu, domin mai ya yi kauri. Da inji ya ɗauki zafi sai ya ragu. Babur da ya daɗe a ajiye ma farantansa kan manne, har ya zabura ya mutu da zarar an sa giya.

Duk wannan ba lalacewa ba ce, ko da yake sababbin mahaya kan tsorata. Matsala tana farawa ne idan inji ya yi zafi amma babur na sulalewa gaba alhali an matse hannun kuloci, ko kuma firi (inda babur ba ya cikin kowace giya) ya ƙi samuwa a tsaye. Makanikai kan fara duba wayar kuloci, domin idan ta saki da yawa ba ta buɗe farantan sosai. Bayan ita sai farantan ƙarfe da zafi ya lanƙwasa, da kwandon da kunnuwan farantai suka ci har suka yi masa gurabe, da man da ya wuce kima a kauri ko a yawa.

Irin man ma yana da tasiri. A 1998 aka fitar da ma'aunin JASO a Japan domin man babura: MA na masu kulocin mai ne, MB kuma na irin sikuta waɗanda kulocinsu ba ya taɓa mai. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadaran ƙara santsi, kuma idan aka zuba su a babur, kulocin kan riƙa zamewa bayan an sake shi.