Ma'anar "jin ra'ayin jama'a" kan lasisin barasa da wasanni a Ingila

Wanda ya taɓa zama a Ingila zai iya tuna irin takardar da ƙaramar hukuma kan fitar, tana cewa za ta sabunta tsarinta na bayar da lasisin barasa da wasanni, kowa ya zo ya tofa albarkacin bakinsa kafin rana kaza. Yawancinmu kwandon shara muke jefa ta. Me ya haɗa wanda ba ya shan giya da lasisin mashaya? To, akwai abin da ya haɗa su, musamman idan tagar ɗakinsa tana kallon ƙofar mashayar.

Tushen maganar dokar lasisi ce ta 2003, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Nuwamba na 2005. Ita ta karɓe ikon bayar da lasisin barasa daga hannun alƙalan majistare ta damƙa wa ƙananan hukumomi. Ta kuma wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarin da za ta bi, ta riƙa sabunta shi aƙalla duk shekara 5. Kafin ta sa hannu dole ta tuntuɓi shugaban 'yan sandan yankin, da 'yan kwana-kwana, da jami'in kula da lafiyar al'umma, da wakilan masu lasisi, da 'yan kasuwa da mazauna unguwanni. Wannan tuntuɓar ita ake nufi da jin ra'ayin jama'a. Ana fitar da daftari, a ba da makonni, mutane su rubuto.

Kalmar "barasa" ce ke sa mutane su kau da kai, alhali dokar ta fi haka faɗi. Ta shafi nuna fim, da wasan kwaikwayo, da dambe da kokawa, da kiɗa da rawa. Har da sayar da abinci ko abin sha mai zafi tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba. Ke nan mai tsire a Landan da bai taɓa riƙe kwalbar giya ba, in dai yana so tukubarsa ta kai sha biyun dare, lasisin nan zai nema, kuma tsarin da ake tuntuɓar jama'a a kai shi zai nuna masa ƙarfe nawa za a so ya rufe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɗaukar abin tamkar ƙuri'ar raba gardama. Ba ƙirga hannuwa ake yi ba. Kotunan Ingila sun gindaya sharuɗɗa tun wata shari'a ta 1985 da ta shafi ƙaramar hukumar Brent: a tambayi mutane tun ba a yanke shawara ba, a ba su isasshen bayani, a ba su isasshen lokaci, sannan a auna abin da suka ce da gaske. "A auna" aka ce, ba a ce "a bi" ba. Mutanen Hackney a gabashin Landan sun ga haka da idonsu a 2018. Mafi yawan waɗanda suka amsa ba su yarda da shawarar taƙaita wa sababbin wuraren shaƙatawa lokaci ba, wato 11 na dare a ranakun aiki da 12 a ƙarshen mako, amma kansiloli suka amince da ita. Aka yi ta ƙorafi, tsarin dai ya zauna.

Wace magana ce ke da nauyi ke nan? Wadda ta taɓa ɗaya daga cikin manufofi huɗu da dokar ta ambata: hana laifi da tarzoma, kare lafiyar mutane daga haɗari a wurin, hana damun maƙwabta, da kare yara daga cutarwa. Sikotland, da ke da tata dokar ta 2005, ta ƙara ta biyar, wato inganta lafiyar al'umma. Duk abin da ya fita daga waɗannan, komai gaskiyarsa a zuciyar mai faɗa, ba shi da gurbi a ma'aunin.

Ga misali. Magidanci ya rubuta cewa giya haramun ce, ba ya son ta a layinsu. Jami'in lasisi zai karanta ya ajiye, domin doka ba ta ba shi damar yin hukunci da addini ko tarbiyya ba. Maƙwabcinsa kuma ya rubuta cewa daren Juma'a da Asabar ba a barci sai ƙarfe 2, da safe ana tarar da fasassun kwalabe a hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, ya kuma kawo ranakun da ya kira 'yan sanda. Wannan takardar ce za ta kai gaban kwamiti. Buƙatarsu ɗaya, amma ɗaya ne kawai ya san ƙofar da ake shiga. A ganina nan ne mutanenmu ke asara: su taru a masallaci su tara sa hannu ɗari-ɗari a kan hujjar da ba a aunawa.

Irin waɗannan shaidu ne ke sa hukuma ta ayyana cewa wata unguwa ta cika maƙil da mashaya, ta yadda duk mai neman sabon lasisi a can sai ya nuna ba zai ƙara wa borno dawaki ba. Tun 2018 wannan ayyanawa ta samu gindin zama a doka, kuma ana sake duba ta duk shekara 3.

Kada a rikita wannan da shuɗiyar takardar da ake mannawa a tagar shago. Ita sanarwa ce cewa mutum ɗaya ya nemi lasisi, kuma kwana 28 ake bayarwa. Idan wa'adin ya cika babu wanda ya kawo ƙorafi mai tushe, daga 'yan sanda har maƙwabta, hukuma ba ta da zaɓi sai ta ba shi. Idan an kawo, kansiloli uku su zauna su saurari kowa, kuma littafin da ke buɗe a gabansu ranar shi ne tsarin nan da aka nemi ra'ayinka a kai shekara biyu ko uku da suka wuce. Wanda hukuncin bai yi wa daɗi ba yana da kwana 21 ya kai ƙara kotun majistare.